Tarihin Rashawa: Daular Da Aka Gina A Kan Wuyan Manomi

Masu kallo, assalamu alaikum. Duk wanda ya dubi taswirar duniya, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne girman Rasha, wadda ta miƙe daga gabashin Turai har bakin Tekun Fasifik, da faɗin da ya haura murabba'in kilomita miliyan 17. Galibi idan ana ba da tarihinta, sarakuna da yaƙe-yaƙe ake lissafawa. Mu a wannan shiri sawun manomi za mu bi, domin shi ne ya ciyar da rundunonin, shi ne ya cika sahunsu, kuma sau da yawa idan daular ta ƙara faɗi, igiyar da ke ƙafarsa ƙara gajarta take yi.

Tushen labarin yana kan koguna. A ƙarni na 9 da na 10, fataken da suka gangaro daga arewacin Turai sun cakuɗu da ƙabilun Silab mazauna dazuzzuka, suna fataucin fatu da zuma da bayi zuwa Rum da ƙasashen Musulmi, suna komawa da dirhamin azurfa. Ana kiransu Rus, kuma Kiyef ce babban birninsu. A shekarar 922, Ahmad bin Fadlan, ɗan aiken halifan Bagadaza, ya gamu da su a bakin kogin Volga, ya ce dogaye ne kamar bishiyar dabino. A shekarar 988 Sarki Vladimir ya karɓi Kiristanci irin na Rumawan gabas, ya sa aka yi wa mutanen Kiyef baftisma a kogi. Rashawa da mutanen Yukren da na Belarus duk suna ɗaukar wannan daula a matsayin asalinsu.

Sai Mongolawa suka auko. Rundunar Batu Khan ta bi biranen Rus ɗaya bayan ɗaya daga 1237, ta rushe Kiyef a 1240, kuma kusan shekara 240 sarakunan Rus suna kai haraji suna karɓo takardar naɗi daga hannun sarakunan Tatar, wato magadan Mongolawan, waɗanda daga baya suka musulunta. A cikin wannan hali ne Mosko, wadda a da ƙaramin gari ce, ta ɗaukaka, saboda sarakunanta sun samu iznin tara wa Tatar haraji daga sauran garuruwa, kuma mai tara haraji ba ya tashi hannu rabbana. Ivan na Uku ya daina biya, kuma a 1480 ya fitar da Mosko daga ƙarƙashin ikonsu. Jikansa Ivan na Huɗu ya ci Kazan a 1552 da Astarakhan a 1556, daga nan al'ummomin Musulmi masu yawa suka shiga ƙarƙashin mulkin Mosko, kuma ƙofar Sibiriya ta buɗe, har Rashawa suka isa gaɓar Fasifik a 1639.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin a wannan zamani ne aka ƙulla abin da ya bi Rashawa ƙarnoni. Mosko tana fili ne fetal, ba duwatsun da za su kare ta, ga abokan gaba ta kowace kusurwa, don haka sarki yana bukatar mahaya masu yawa, amma ba shi da kuɗin biyansu. Sai ya riƙa ba su gonaki. To amma gona a ƙasar da ƙanƙara ke rufewa wata da watanni ba ta da amfani idan ba mai noma ta, kuma manomi idan aka matsa masa yakan kwashe iyalinsa ya yi gaba. Dokar 1497 ta ce ba zai bar ubangidansa ba sai cikin mako biyu kacal a shekara, a ƙarshen Nuwamba bayan an gama girbi, kuma sai ya biya kuɗin fita. Bayan kimanin shekara ɗari aka toshe wannan ƙofar ma. Dokar 1649, a zamanin gidan sarautar Romanov, ta ba mai ƙasa ikon kamo wanda ya gudu komai daɗewar gudunsa, shi da 'ya'yansa. Halinsu ya yi kama da na mutanen rinji a ƙasar Hausa ta dā, sai dai su ba kamo su aka yi daga wata ƙasa ba, a garin kakanninsu aka ɗaure su. Masu ƙarfin hali sukan tsere zuwa kogin Don su shiga cikin Kosak, mayaƙa masu zaman kansu, inda al'ada ta hana a miƙa wanda ya nemi mafaka.

Sarki Pita Mai Girma ya kawo ilimin Turai, ya gina jiragen ruwa, ya sa wa gemu haraji, ya kafa birnin San Fitasbag a cikin fadama a 1703 da ƙarfin leburorin tilas, waɗanda da yawansu suka mutu a wurin. Ya kuma ɗora wa ƙauyuka ba da samari aikin soja na tsawon rai, wanda sai a ƙarshen ƙarnin aka mayar shekara 25. Ranar da za a tafi da saurayi, mata sukan yi masa kuka irin na mamaci, kuma suna da gaskiya, domin kaɗan ne ke dawowa. Sarauniya Katarina, wadda ke musayar wasiƙu da masanan Faransa a kan 'yanci, ita ce a 1767 ta haramta wa manoma kai ƙarar iyayengijinsu, ta kuma raba dubban ɗaruruwansu kyauta ga na hannun damanta. Tawayen manoma da Kosak ƙarƙashin jagorancin Pugachev ya tashi a 1773, aka murƙushe shi da jini. Duk da haka, waɗannan manoma ne suka tsaya wa Napoliyon na Faransa da ya shigo Rasha da yaƙi a 1812, sannan suka koma gonakin iyayengiji kamar ba su yi komai ba.

Kayen da Rasha ta sha a yaƙin Kirimiya ne ya sa Sarki Iskandar na Biyu ya 'yanta mutum sama da miliyan 20 a 1861, amma aka ɗora musu biyan kuɗin gonakin na shekara 49. Ƙishirwar ƙasar noma ba ta gushe ba, shi ya sa a 1917, lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya gajiyar da kowa aka kuma tumɓuke Sarki Nikolas na Biyu, alƙawarin Lenin, jagoran 'yan gurguzu, na zaman lafiya da gona da burodi ya shiga kunnen talaka. Manoma suka raba gonakin masu ƙasa a tsakaninsu.

Ba su daɗe da su ba. Daga 1929 Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet da 'yan gurguzu suka kafa, ya tilasta su shiga gandayen haɗin gwiwa, domin da hatsinsu za a ciyar da birane a sayo injunan masana'antu. An kwashe waɗanda aka ce masu hali ne zuwa Sibiriya, kuma yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyi a Yukren da Kazakistan da yankin Volga. Wata doka ta 1932 ta kai ga ana ɗaure mutum shekara 10 saboda 'yan zangarniyar da ya tsinta a gandu. A shekarar ce kuma aka fito da fasfon cikin gida aka hana wa mutanen gandu, ma'ana ba su da ikon ƙaura sai da izni, kuma sai a 1974 aka yanke shawarar ba su. Wannan, a ganinmu, shi ne zalunci mafi ɗaci a labarin, domin da sunan talaka aka yi shi. Mutanen ne kuma suka sake ɗaukar nauyin yaƙi da Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, inda Tarayyar Sobiyet ta rasa kimanin mutum miliyan 27. Yuri Gagarin, wanda ya fara zagaya duniya a sararin samaniya a 1961, ɗan ma'aikatan gandu ne.

Tarayyar ta wargaje gida 15 a Disambar 1991. A yau kusan kashi uku cikin huɗu na Rashawa a birane suke, dubban ƙauyuka sun zama kufai, kuma ƙasar da a shekarun 1970 take sayen hatsi daga Amurka ta zama kan gaba wajen sayar da alkama a duniya, Masar na cikin manyan masu saye. Bayan Shugaba Putin ya tura sojoji Yukren a Fabrairun 2022, gwamnati ta sanar a watan Satumba cewa za ta kira mutum 300,000 aikin soja, kuma cikin kwanaki kaɗan layukan motocin samari masu neman fita suka cika iyakokin Jojiya da Kazakistan.