Sharhi: Manya Masu Lalurar ADHD da Asibitocin Matakin Farko

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau daga nan Jos ya shafi ADHD, lalurar da ke hana mutum tattara hankalinsa wuri guda, ta jefa shi cikin rashin natsuwa da gaggawar aikata abu kafin tunani. Jama'a da dama na ɗauka cewa ta yara ce kawai, alhali bincike ya nuna kimanin mutum 2 zuwa 3 cikin kowane baligi 100 na fama da ita. A cikinsu akwai magidancin da ke fara sana'a ya watsar, ya manta alkawari, ya yi ta rasa aiki, har dangi su yanke masa hukuncin lalaci.

Idan irin wannan bawan Allah ya nemi taimako, asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu zai fara zuwa, kuma a nan ne maganar take yawan tsayawa. Tabbatar da lalurar aikin ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ne, domin sai an gano cewa alamun sun faro tun kafin shekara 12, kuma suna bayyana a fiye da wuri guda, kamar gida da wurin aiki, sannan a bambance su da ciwon damuwa, ƙarancin barci ko shaye-shaye. To amma likitocin nan ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Wanda ya taso daga Wase ko Shendam zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ya san kuɗin mota da wahalar da ke ciki, don haka bai kamata ya iso hannu rabbana ba. Akwai gajeriyar takardar tantancewa mai tambayoyi 6 da aka tsara tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda jami'in lafiya zai iya cikewa cikin 'yan mintoci, ya haɗa da tarihin ƙuruciyar mutum da awon hawan jininsa a takardar turawa.

Batun magani ya fi sarƙaƙiya. Methylphenidate, maganin wannan lalura wanda aka fi sani da Ritalin, yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, kuma a nan gida sai da izinin NAFDAC ake shigo da shi. Duk wanda ya ga ɓarnar da kodin ya yi wa matasanmu kafin a hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018 zai fahimci dalilin da ya sa likitoci ke ɗari-ɗari. Tsoron nan yana da tushe, amma bai isa hujjar barin maras lafiya ba magani ba.

A Ingila, ƙa'idar da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya, ta fitar a 2018 ta raba aikin: ƙwararre ne ke fara maganin ya daidaita adadinsa, sannan likitan unguwa ya ci gaba da rubutawa yana duba hawan jini da bugun zuciya da nauyin jiki, a kuma sake bitar lamarin aƙalla sau ɗaya a shekara. A ganinmu tsarin zai karɓe mu idan an yi masa kwaskwarima. Tunda yawancin cibiyoyinmu na matakin farko ba su da likita, sai sabunta takardar magani ya zama aikin likitan babban asibitin ƙaramar hukuma, awon jini da bibiya kuma su tsaya a unguwa.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da shugaban ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, amma aiwatarwa na hannun jihohi da asibitoci. Muna kira ga hukumomin lafiya na Filato da su samar da takardar turawa iri ɗaya a ƙananan hukumomi 17, su wajabta wa ƙwararru mayar da amsa a rubuce, su kuma ware lambar waya da jami'in lafiya na karkara zai kira idan magani ya hana mutum barci ko jininsa ya hau.