Me Ya Sa Masu Karatu Ke Tayar da Jijiyoyin Wuya Idan Za a Mayar da Littafin Ban Tsoro Fim?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Bari in fara da ƙanwata. Wani dare ne cikin bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke koro kowa daga ɗaki. Muna kwance a tsakar gida a Mabera, an ɗauke wuta. Ita tana can gefen tabarma, ta lulluɓe kai da mayafi, ba abin da ake gani sai hasken waya ta cikin yadin. Littafin aljanu take karantawa, irin waɗanda ake sakowa shafi-shafi a WhatsApp. Can dare ya raba, sai na ji ana taɓa min ƙafa: "Yaya, don Allah tashi ka raka ni bayi." Tsakanin tabarmarta da bayin nan bai fi taku goma ba, kuma yarinya ce da ke kashe kunama da takalmi ko gezau ba ta yi.

Bayan wasu watanni aka fara raɗe-raɗi a zaurensu na masu karatu cewa ana so a mayar da littafin fim. Na ɗauka murna za ta yi. Sai ta ɓata rai ta ce: "Wallahi in sunka yi shi, ɓata muna shi za su yi."

Ba ta ga fim ba, ba ta san wa zai fito ba, amma ta riga ta yanke hukunci. Wannan fushin na tun kafin a ɗora kyamara shi nake so mu warware yau, domin ba a kanta aka fara ba, kuma yana da dalili mai ƙarfi.

Ku tuna dodon tatsuniya. Kaka ta ba mu labarinsa sau ba adadi, amma ba ta taɓa ce mana ga tsawonsa, ga launin idonsa ba. Kowane yaro a kan tabarmar nan shi ya ƙera nasa dodon, da abin da ya fi tsoro a duniya ya gina shi. Nawa yana da haƙoran kura. Na wani ƙila inuwa ce kawai mai numfashi. Haka littafin ban tsoro yake aiki. Marubuci zai ce wani abu ya gifta ta bayan labule, ya yi shiru. Sauran aikin kai ne za ka yi shi, kuma ba wanda ya san lagonka kamar zuciyarka.

Kyamara ba ta da wannan gatan. Dole ta zaɓi fuska ɗaya, murya ɗaya, gida ɗaya. Mutum dubu sun karanta, dodo dubu ke nan, ga shi fim zai kawo guda. To ko mai shirya fim ya kai wane a gwaninta, mafi yawan masu karatu za su kalli allo su ce, kamar yadda ake faɗa a nan gida, "Wanga ba shi na ba."

Akwai kuma matsalar tsawo. A ƙa'idar masu rubuta fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, wato fim ɗin awa biyu bai wuce shafi 120 ba. Littafi mai shafi 500 sai an yi masa aski. Abin da aka fi saurin yankewa kuwa shi ne zancen zuci, alhali a can tsoron yake kwance.

Mu leƙa tarihi kaɗan. A 1818 Mary Shelley, 'yar Ingila, ta fitar da Frankenstein. Halittar da wani masanin kimiyya ya ƙera a cikin littafin tana magana da hikima, ta koyi karatu, tana kokawa da yadda mutane ke gudunta saboda muninta. Mai karatu har tausayinta yake ji. Da aka yi fim a Amurka a 1931, Boris Karloff ya fito a matsayinta, sai aka cire mata magana ɗungurungum, sai gurnani. Yau ko'ina ka ambaci sunan, fuskar fim ɗin ce ke faɗo wa mutane a rai, mai faffaɗan kai da ƙarfe a wuya. Wannan shi ne babban abin da masoya littafi ke gudu: fim ya yi ƙarfi har ya shafe asalin, ya zama wanda ya karanta shi ne baƙo a cikin hirar.

Misalin da ya fi kowanne fito da maganar fili shi ne The Shining. Stephen King ya wallafa shi a 1977, Stanley Kubrick ya mayar da shi fim a 1980. Labarin wani magidanci ne da ya karɓi aikin gadin wani otal a kan duwatsun jihar Kolorado lokacin hunturu, ƙanƙara ta rufe hanya, daga shi sai matarsa da ƙaramin ɗansu. Kubrick ya sauya abubuwa da yawa. Ɗaki mai lamba 217 ya koma 237. Shuke-shuken da aka aske da siffar dabbobi, waɗanda ke motsi a littafi, suka koma lambu mai ruɗaɗɗun hanyoyi. Gudumar wasa da mutumin ya ɗauka ta koma gatari. Mai dafa abincin otal, wanda ya tsira da ransa a littafi, an kashe shi a fim. A littafi tukunyar ɗumama otal ce ta fashe gini ya ƙone, a fim kuwa sanyi ne ya daskarar da mutumin.

Masu karatu sun lissafa duk waɗannan. Amma abin da ya fi ci wa King rai daban ne. Shi uba ya rubuta, mai son ɗansa, mai fama da jarabar giya, yana ƙoƙarin gyara halinsa, otal ɗin na jansa a hankali har ya rinjaye shi. A fim kuwa, tun fitowar farko ta Jack Nicholson, jarumin da ya fito a matsayin uban, ka san wannan mutumin akwai motsi a kansa. Babu faɗuwar da za ka yi wa kuka, tunda tun asali a ƙasa ka same shi. King bai ɓoye rashin jin daɗinsa ba, har a 1997 ya rubuta nasa na talabijin don a bi littafin sau da ƙafa. Duk da haka na Kubrick ne duniya ta riƙe, ana lissafa shi cikin manyan fina-finan tsoro da aka taɓa yi.

A ganina duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya. Fim ɗin ya yi kyau matuƙa, amma labarin da ya bayar ba shi ne wanda masu karatu suka kwana da shi ba.

Kada kuma a ɗauka sauyi ne laifi. Littafin It na King, na 1986, labarin wasu yara bakwai da ke fama da wani dodo, ya haura shafi 1,000. Masu fim suka raba shi biyu, 2017 da 2019, suka ɗauke yarintar taurarin daga shekarun 1950 suka kai ta shekarun 1980. Sauyi ne babba, amma na farkon ya tara sama da dala miliyan 700, masu karatu da dama kuma suka karɓe shi hannu bibbiyu, saboda amincin da ke tsakanin yaran nan bakwai yana nan yadda suka san shi. Mai karatu kan yafe lambar ɗaki. Abin da ba ya yafewa shi ne a canza masa zuciyar mutumin da ya shaƙu da shi.

Mu dawo gida. Mayar da littafi fim ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1976, an kuma yi In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a shekarun 1990. Sai dai waɗannan ba na tsoro ba ne, kuma tsoro ya fi soyayya wuyar ɗauka. Jarumar soyayya ko ba ta yi kama da wadda ka zana a ranka ba, za ka saba da ita kafin a kai rabi. Aljana kuwa, da zarar ta fito da farar hoda a fuska, an saka mata jan ido, ana ta walƙiyar kwamfuta a bayanta, shi ke nan. Na zauna a gidan kallo a Runjin Sambo inda aka zo wurin da ya kamata kowa ya ɗauke numfashi, sai wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya, ɗaki duka ya ɗauka. Raina ya sosu ranar, domin na san wani ya kashe kuɗinsa da ƙarfinsa a kan wannan fitowar.

Akwai wata damuwar da ta keɓanta da mu. Aljani a wajenmu ba ƙirƙirar marubuci ba ce, akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani. Shi ya sa za ka ji wasu masu karatu na cewa, a rubuce sun jure, amma a nuna boka yana tsafi dalla-dalla a gaban yara, wannan ba su yarda ba. Magana ce da ya kamata mai fim ya saurara da kunnen girmamawa. Abin sha'awa, gyaran da zai kwantar da hankalinsu shi ne dai wanda zai ƙara wa fim ɗin ban tsoro, wato a rage nunawa.

Muna da kayan aikin a ƙofar gida, ba sai an sayo ba. Ƙarar daka a turmi ƙarfe biyun dare, daga gidan da kowa ya san ba kowa a ciki. Ƙyauren langa-langa da iskar hunturu ke bugawa, sai ya tsaya cak alhali iskar ba ta tsaya ba. Sallama daga zaure da muryar wanda aka yi wa jana'iza jiya. Tsohuwar tsamiya a bakin hanyar da yaro zai bi a aike shi bayan magariba. Fitilar ƙwai ɗaya da makirufo mai kyau sun isa a ɗauki duk waɗannan.

Na sake tambayar ƙanwata kwanan baya, na ce to da ke ce za ki ba mai fim ɗin shawara, me za ki ce masa? Ta daɗe tana tunani. Ta ce a littafin akwai wata mata da ke zama a bakin rijiya tana taje gashi, kullum ta juya baya. Tun daga shafin farko har na ƙarshe marubuciyar ba ta taɓa juyo da ita ba.

"Su sa duk wadda sunka ga dama, Yaya," in ji ta. "Amma kar su bari ta waiwayo."