Charles Ensminger, mai kula da sito a jirgin Panay

Jama'a, jirgin da za mu yi magana a kansa sunansa Panay. Ƙaramin jirgin yaƙi ne na rundunar sojin ruwan Amurka, tsawonsa kimanin mita 58. A Shanghai aka ƙera shi don sintiri a kogin Yangtze na ƙasar Sin, ya fara aiki a 1928. Cikin sojojinsa akwai wani mai suna Charles Ensminger, shi ne mai kula da sito. Lissafin kayan da suka shiga jirgi da waɗanda suka fita a hannunsa yake. Shi muka zo tunawa yau.

Wani zai ce, me ya kai jirgin yaƙin Amurka tsakiyar ƙasar Sin? Tun a ƙarni na 19 ƙasashen Turawa suka tilasta wa Sin sa hannu a yarjejeniyoyin da suka ba su damar shigo da jiragen yaƙi cikin koginta, suna gadin 'yan kasuwarsu da 'yan mishan. Fin ƙarfi ne tsagwaronsa. Amma ƙaramin soja mai riƙe da makullin sito ba shi ya ƙulla wannan ba, inda aka tura shi nan ya je.

A watan Disamban 1937 sojojin Japan sun tasam ma Nanjing, babban birnin Sin na lokacin. Panay ya kwashi ragowar ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka da wasu 'yan jarida, ya haura kogi don kauce wa luguden wuta. Ya tsaya kimanin kilomita 45 daga birnin, tare da jiragen dakon mai uku na kamfanin Standard Oil. Ga manyan tutocin Amurka shimfiɗe a rufinsa, don duk wanda ke sama ya gani.

Ranar Lahadi 12 ga Disamba, bayan ƙarfe ɗaya da rabi na rana, gari garau, sai ga jiragen saman rundunar sojin ruwan Japan. Tun a bama-baman farko kwamandan jirgin, James Hughes, ya ji mummunan rauni. Mataimakinsa Arthur Anders ya karɓi ragama, sai ɓarɓashin bam ya same shi a maƙogwaro, murya ta ɗauke. Ya samu fensir, yana rubuta umarni a bangon jirgi da kan taswira, jini na zuba, sojoji na karantawa suna aiwatarwa. Suka yi ta harbi sama da bindigogi masu sarrafa kansu har ruwa ya ci ƙarfin jirgin.

Da ƙananan kwale-kwale biyu aka riƙa kai mutane gaɓa, su ma ba su tsira daga harbi ba. Kafin ƙarfe huɗu Panay ya nutse.

Waɗanda suka tsira suka ɓuya cikin laka da dogayen ciyayin bakin kogi, ga sanyin Disamba. Sai da duhu ya yi aka ɗauki masu rauni, da taimakon Sinawan ƙauyukan wurin, aka taka da ƙafa zuwa garin Hoshien. A can, ranar 13 ga wata, rai ya yi wa Ensminger halinsa sakamakon raunin da ya ji a harin. Ɗan jaridar Italiya Sandro Sandri shi ma bai tashi ba. Kyaftin Carl Carlson na ɗaya daga jiragen man ya mutu a harin. Wani sojan ruwan, Edgar Hulsebus, ya yi jinya har 19 ga wata, ya cika a Shanghai. Akwai Sinawa da suka mutu a jiragen man nan, amma sunayensu ba su shiga labarai ba. A ranar da Ensminger ya rasu Nanjing ta faɗi, aka fara kisan kiyashin da har yau Sinawa ke makokinsa.

Hotunan harin nan, mai ɗaukar hoton labarai Norman Alley ne ya ɗauke su daga kan jirgin. Kafin a nuna su a silima, Shugaba Franklin Roosevelt ya nemi a yanke wani sashe da ya nuna jiragen Japan sun sauko ƙasa sosai, don Amurka ba ta shirya yaƙi ba. Japan ta ce kuskure ne, matuƙanta ba su ga tutoci ba. Ta nemi afuwa, Amurka ta karɓa ranar Kirsimeti. Talakawan Japan kuwa, har da 'yan makaranta, sun yi ta aika wasiƙun jaje da 'yan kuɗaɗensu zuwa ga jakadan Amurka a Tokyo, Joseph Grew. Wannan abin a yaba musu ne.

A watan Afrilun 1938 Japan ta biya diyyar dala 2,214,007. Ku duba yadda aka kasa kuɗin. Kusan dala miliyan 1 da dubu 946 na asarar dukiya ne, wato jirage da kayan cikinsu. Abin da aka ware wa mutuwa da raunuka gaba ɗaya, har da jinin Ensminger da na Hulsebus, dala dubu 268 ne da 'yan kai.