Kafin a sallami mai shanyewar ɓarin jiki, wa ya auna mai jinyarsa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, 'yan'uwana ma'aikatan jinya, ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Zan fara da wata baiwar Allah da har yau take raina. Maigidanta ya samu shanyewar ɓarin jiki, ya yi mako uku a hannunmu. Ranar sallama na tarar tana naɗe tabarmarta, na ce, "Mama, za ki iya kula da Baba a gida?" Ta ce, "Zan iya, 'yata, da yardar Allah." Na rubuta cewa an yi wa iyali bayani, suka tafi. Ba a rufa wata guda ba aka dawo da shi, da gyambo a ƙasan bayansa, kafaɗarsa kuma ta saki. Sai a ranar na ji cewa ɗansu, wanda yake ɗaga shi a asibiti, ya koma bakin aikinsa a wani gari. Ita kuwa tana fama da ciwon gwiwa da hawan jini. Laifina ne. Na yi tambayar da amsarta ɗaya ce tak. Wace mace ce za ta dubi tsabar idonki ta ce ba za ta iya jinyar mijinta ba?

Majinyaci muna auna shi sarai. Kun san ma'aunin Barthel, wanda ya fito a 1965: abubuwa goma, daga cin abinci da wanka da sa tufafi zuwa riƙe fitsari da tafiya da hawan matakala, maki daga sifili zuwa 100. To idan mutum ya ci 30, sauran aikin da ya kasa wa zai ɗauka? Wani ne a gida, galibi mace, wadda ko sunanta ba mu rubuta ba.

Akwai ma'aunai na mai jinya. A 1990 Patricia Archbold da abokan aikinta a jihar Oregon ta Amurka sun fitar da tambayoyi takwas na auna shirin mai jinya: ko ya shirya wa hidimar jikin majinyaci, da damuwar zuciyarsa, da larurar gaggawa, da neman taimako daga asibiti. Akwai kuma na Steven Zarit mai tambayoyi 22, wanda ke auna nauyin da jinya ta ɗora wa mutum. Ku san su, ku yi amfani da su. Amma a ganina, idan kika karanta wa mutanenmu su kai tsaye, "ba komai" da "alhamdu lillahi" za ki kwasa, domin an rene mu a kan cewa ƙorafi a kan jinya rashin haƙuri ne. Sai ki sauya salo. Kada ki ce "kin gaji?" Ki ce, "Daren jiya sau nawa kika tashi?" "Yaushe rabonki da ɗora tukunyar sana'arki?" "Maganinki na hawan jini, ina yake?" Kuma ki ja ta gefe tukuna. A gaban dangin miji ba za ta faɗa miki gaskiya ba.

Sannan ki bincika wane ne zai yi jinyar da gaske. Ɗakin asibiti cike yake da 'yan dubiya, kowa na cewa "muna nan". Bayan mako biyu gida zai watse. Ki tambaya: wa zai kwana da shi? Wa zai yi masa wanka da tsarki? Wannan ta ƙarshen kada ku tsallake ta. Na ga dattijon da ya rage shan ruwa da gangan don kada 'yarsa ta kai shi ban-ɗaki. Da mun tambaya tun farko, da an nemo ƙane ko ɗa namiji an koya masa.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne: shiri a hannu ake ganinsa. Ki nuna mata, sannan ta yi a gabanki, ba sau ɗaya ba, kuma a fara tun kwanakin farko, kada a bari sai motar tafiya na jira. Ta juya shi kina kallo, ta san cewa duk bayan kamar awa biyu ake yi, ta nuna miki da yatsa inda gyambon kwanciya ke farawa: ƙasan baya, ƙugu, dunduniya. Ki dubi inda take kamawa idan za ta tayar da shi. Kusan kowa hannun da ya shanye yake ja, kuma wannan jan shi ke lalata kafaɗa. Ta ba shi kunu kina tsaye: ta zaunar da shi sosai? Cokali kaɗan-kaɗan? Ta lura da tari ko sauyin murya bayan ya haɗiye? Abincin da ya bi hanyar numfashi yana jawo ciwon huhu, kuma yana kisa. Ɗura da kofi yana kwance, don tausayi, haɗari ne babba.

Gidan ma a auna shi. In ba za ku iya zuwa ba, a ɗauko muku hoto a waya. Dokin ƙofa zai bar keken guragu ya wuce? Masai na tsuguno ne? Katifa a ƙasa take? Ɗaga ƙaton mutum daga ƙasa sau biyar a rana zai karya bayan mai jinya, sai majinyata su zama biyu.

A Amurka jihohi da yawa sun mayar da wannan abu doka, Oklahoma ce ta fara a 2014: asibiti ya rubuta sunan mai jinya, ya sanar da shi kafin sallama, ya koya masa aikin da zai yi a gida. Mu ba sai mun jira doka ba. Layi uku ne a takardar sallama, da lambar wayar da za a kira a cikin makon farko, a tambayi lafiyar majinyaci, a tambayi tata lafiyar daban.

Yanzu a shigo da katifun nan. Ku rabu bibbiyu, ɗaya ta kwanta ta saki ɓarinta na dama, ɗaya ta juya ta. Zan zagaya in ga inda kuke kamawa.