Majigin da Ke Kulle a Sito

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, shugabannin makarantu, 'yan'uwana malamai maza da mata, barkanmu da haɗuwa. An ce in yi magana a kan yadda za a taimaki malami ya yi aiki da kayan fasahar zamani a aji. Bari in fara da abin da na gani da idona, domin shi ya sauya mini tunani a kan wannan lamari.

Shekarun baya an tura ni duba koyarwa a wata makaranta. Na shiga ajin wata malamar kimiyya wadda ta haura shekara ashirin tana riƙe da alli. An kawo musu majigi da kwamfutar tafi-da-gidanka, an tura ta bita ta kwana uku, ta dawo da takardar shaida. A ranar ta shirya nuna wa yara yadda jini ke zagaya jiki. Ta jona waya, bango ya nuna shuɗi kawai. Ta zare, ta mayar. Ta kashe, ta kunna. Yara suka fara ƙus-ƙus, wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Malama, ki danna wancan." Ina zaune ina ganin yatsunta na rawa a kan kwamfutar. Minti 15 suka salwanta daga darasin minti 40. Ƙarshenta ta rufe kwamfutar, ta ɗauki alli, ta zana zuciya a allo, kuma wallahi ta koyar da darasin yadda ya kamata. Da na koma bayan zango guda, majigin na kulle a sito cikin kwalinsa. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Malam, ba zan sake tsayawa gaban yarana ina lalube ba."

Ku riƙe wannan magana tata. Mu masu horar da malamai mun saba cewa malamai ba sa son canji, ko tsofaffin cikinsu sun ƙi zamani. Wannan baiwar Allah ta kwana tana shirya darasi, to ina ƙin zamani a nan? Mutuncinta ta kare. Jarin malami a aji shi ne yara su yarda ya san abin da yake yi, kuma mun tura ta gabansu da na'urar da ba ta taɓa jonawa ita kaɗai ba, babu kowa kusa da za ta kira.

Wannan kuskuren ya girme mu duka. Tun a 1913 Thomas Edison, Ba'amurken nan mai ƙirƙire-ƙirƙire, ya yi hasashen cewa littattafai sun kusa zama tsohon yayi a makarantu, fim zai maye gurbinsu. Aka zo aka faɗi irin haka a kan rediyo, aka maimaita a kan talabijin. A 2005 Nicholas Negroponte, wani masanin kwamfuta a Amurka, ya fito da shirin bai wa kowane yaro kwamfutarsa, ƙasar Peru ta rungumi shirin, ta raba dubban ɗaruruwa. Bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya bi sawu a makarantun firamare 319 na karkara, ya fitar da sakamako a 2012. Kwamfutoci sun isa hannun yara, sun kuma iya sarrafa su, har an ga ɗan ci gaba a kaifin tunaninsu. Amma a lissafi da karatu, waɗanda su ne dalilin zuwa makaranta, makin jarrabawa bai motsa ba. A 2015 OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta duba ƙasashe masu hannu da shuni, ta tarar waɗanda suka zuba dukiya wajen cika makarantu da kwamfuta ba su samu wani ci gaban a zo a gani ba a karatu da lissafi da kimiyya. Har ma ɗaliban da suka fi kowa yawan amfani da kwamfuta a makaranta sakamakonsu ya fi muni, masu amfani da ita daidai wa daida su ne suka ɗan fi.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce a watsar da kwamfuta. Annobar korona ta nuna mana abin da rashinta ke jawowa. A watan Afrilun 2020 rufe makarantu ya shafi ɗalibai kusan biliyan 1.6 a ƙididdigar UNESCO, UNICEF kuma ta ce aƙalla yara miliyan 463 ba su samu hanyar karatu daga gida ba. Malaman da suka riƙe ɗalibansu a lokacin, da yawansu da wayar hannu suka yi, saƙon murya da hoton allo, abin da hannunsu ya riga ya saba da shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana inda ya kamata horo ya fara.

To, ina ya kamata ya fara? Daga darasin da ke ba malami wahala. Galibin bitar da muke shiryawa daga na'ura take farawa: ga yadda ake buɗe manhaja, ga yadda ake adana fayil, ga maɓallai ashirin. Malami ya koma aji, ya rasa inda zai saka ko ɗaya. Ni yanzu idan na zauna da malami, tambayata ta farko ita ce, wane darasi ne duk shekara kake koyarwa yara ba sa ganewa? Wani malamin lissafi ya ce mini shi dai kusurwoyin alwatika. Yara na haddace cewa jimillarsu digiri 180 ce, amma da an juya zanen ko an tsawaita gefe guda, sai su rikice. Muka buɗe GeoGebra, manhaja ce ta kyauta da Markus Hohenwarter ya fara a 2001. Abu ɗaya tak na nuna masa: ya zana alwatika, ya kama kusurwa guda ya ja ta. Yana ja, lambobin kusurwoyin uku na canzawa, jimillar na nan daram. A aji ya kira wata yarinya ya ce ta ja yadda take so, ta yi ƙoƙari ta ɓata lissafin. Ta ja sama, ta ja gefe, ta matse alwatikar har ta kusa zama layi. Sai ta juyo ta ce, "Malam, ta ƙi canzawa." Gani ya kori ji. Allo da alli ba za su iya zana alwatika ɗari cikin minti guda ba, kuma a irin wannan gurbin ne na'ura ke biyan wahalarta.

Masana sun yi wa wannan bayani. A 2006 Punya Mishra da Matthew Koehler na Jami'ar Jihar Mishigan a Amurka sun nuna cewa ilmi uku ne ke haɗuwa a hannun malami: sanin darasin kansa, sanin dabarar koyarwa, da sanin na'ura. Mai horarwar da ya iya kwamfuta amma bai taɓa koyar da kusurwa ba, ba zai iya haɗa wa malamin lissafi waɗannan ukun ba. Shi ya sa nake roƙon masu shirya bita su daina tara malamin harshe da na kimiyya da na lissafi a zaure guda a yi musu jawabi iri ɗaya.

Sai batun abokin tafiya, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Bita ta kwana uku ba ta canza yadda mutum ke koyarwa, ko da an yi ta da kyau. Abin da ke canzawa shi ne wani ya shigo ajinka, ya zauna, ya gani, bayan an tashi ku tattauna, mako mai zuwa ya dawo. A 2018 Matthew Kraft da abokan aikinsa sun tattara bincike 60 a kan irin wannan rakiya, suka ga tana gyara koyarwa sosai, tana kuma ɗaga sakamakon ɗalibai, sai dai tasirin na raguwa idan shirin ya yi faɗi da yawa. A Kenya, shirin karatu na Tusome da aka fara a 2015 ya ba jami'an da ke zagaya makarantu kwamfutar hannu, suna shiga aji suna lura da darasi suna ba malami shawara nan take. Ku lura da wanda aka fara miƙa wa na'urar: mai taimaka wa malami.

Amma akwai sharaɗi. Mai rakiyar nan kada ya zama shi ne mai rubuta rahoton ƙarin girma. Malami ba ya nuna rauninsa ga wanda ke riƙe da alƙalamin hukunci a kansa. Mafi alheri a samu wani malami a cikin makarantar, a rage masa darussa biyu ko uku a mako, a rubuta a jadawali cewa wannan lokacin na taimakon 'yan'uwansa ne. Idan ba a rubuta ba, ba za a yi ba, domin kowa na fama da tarin takardun da zai duba. Shugabannin makarantu, wannan a hannunku yake, ba sai kun jira umarni daga sama ba.

Kuma ku bar mabuɗin sito ya fita daga aljihunku. Na san tsoron da ake ji, kada abu ya lalace a tuhumi mutum. Amma malamin da aka ce masa in ya fasa zai biya, ba zai taɓa ba har abada. A bar shi ya tafi da kwamfutar gida, ya latsa, ya ɓata, ya gyara, inda babu idon yara. Da koyo akan iya. A kuma koya masa tun farko ya shiga aji da shiri na biyu: ya sauke bidiyon tun kafin darasi don kada intanet ta yanke, ya ba na'ura minti biyu, in ta ƙi ya koma allo ba tare da jin ya gaza ba.

Game da ƙirƙirarriyar basira, tun da ChatGPT, manhajar nan mai amsa tambaya da tsara rubutu, ta fito a Nuwamban 2022 duk inda na je sai an tambaye ni. A taƙaice, tana rage wa malami wahalar tsara tambayoyi da sauƙaƙa rubutu mai tsauri, amma tana ƙaga amsa ta faɗe ta kamar gaskiya, don haka duk abin da ta bayar sai malami ya tace da iliminsa. Kada kuma a zuba mata sunayen yara da makinsu, amana ce a hannunmu. UNESCO ma a 2023 ta ba da shawarar kada yaro ƙasa da shekara 13 ya yi amfani da irinta.

Na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi. Wani zai so ya san abin da ya hana majigin malamar nan aiki. Maɓallai biyu ne ake dannawa tare a ce wa kwamfuta ta tura hoto bango. Wani matashin malami a makarantar ya sani, ajinsa na jikin nata, ba wanda ya taɓa haɗa su. Da shugaban makarantar ya ba su awa guda duk mako, sai da suka yi zama huɗu a aji babu kowa kafin ta yarda ta sake kunna shi gaban yara. A zama na biyar ta ce ya tsaya a bakin ƙofa, kada ya shigo sai ta kira shi. Ba ta kira shi ba.

Masu tambaya, bismillah, a fara daga wannan ɓangaren. Wassalamu alaikum.