Kwamfuta ta ƙi tashi? Tsaya tukuna, kar ka yi mata fomat

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan laftof da kuke gani ta wani ƙanena ce ɗalibi, yana tsaka da rubuta furojet aka ɗauke wuta, batirinta kuwa dama ya daɗe da mutuwa, sai ta ɗauke ɗif. Da wuta ta dawo ya kunna, ga abin da take nunawa, shuɗin sikirin da rubutu UNMOUNTABLE BOOT VOLUME, ta sake kunna kanta ta dawo nan dai, haka take ta yi tun jiya. Wurin da ya fara kai ta cewa suka yi a yi fomat kawai a zuba sabuwar Windows, to furojet ɗin fa? Shi ya sa ya kawo min.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Windows tana jera fayiloli a diski da wani tsari mai suna NTFS, akwai kuma wani babban kundi da ake cewa MFT, ku ɗauke shi kamar littafin mai shago a Kantin Kwari, inda ya rubuta wace atamfa ce a wace kanta. Idan wuta ta ɗauke ana cikin rubutu a littafin nan, kayan suna nan a shago lafiya lau, lissafin ne ya rikice. Fomat kuwa yaga littafin ne gaba ɗaya.

Amma kafin komai, kasa kunne. Had disk irin na da akwai faifai a ciki da yake juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, in ka ji yana ƙas, ƙas, ƙas, wallahi kashe ta nan take, wannan ba rikicewar lissafi ba ce, ƙarfen ne da kansa ya samu matsala kuma duk kunnawar da ka ƙara ƙara ɓata shi kake. Sai dai masu aikin ceto bayanai. Wannan tamu dai shiru take, alhamdulillahi.

Yanzu kwashe kaya. Na saka Ubuntu a filas, wato wata manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows da ke iya tashi daga filas ɗin, na kunna ina danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi, a HP F9 ne, Dell da yawancin Lenovo F12. Ka zaɓi Try Ubuntu, kar hannunka ya kuskure ya taɓa Install. Ga diskin nan ya fito a gefe, ga foldar Users, ga furojet ɗin ƙanen nawa, na kwafe shi zuwa wani filas daban. In ba ka iya wannan ba, ciro diskin ka saka shi a ɗan kesin nan na USB da ake sayarwa a Beirut Road ka jona a wata kwamfutar. In kuma ta tambaye ka makullin BitLocker, wato tsarin da Windows ke kulle diski da shi, lambobi 48 ne, yawanci suna cikin asusunka na Microsoft, ka duba ta waya.

Sai yanzu gyara. Filas irin wanda ake zuba Windows da shi, aƙalla gig 8, ka tashe ta da shi, ka danna Repair your computer, Troubleshoot, sannan Command Prompt. A nan mutane da yawa suke ruɗewa, a wannan baƙin sikirin ba lallai Windows ɗinka tana C ba, sau da yawa takan koma D. Rubuta dir C: ka gani, in ba ka ga foldar Windows ba gwada dir D:. Tamu a D take, don haka chkdsk D: /f, Enter. Shi /f gyaran littafin yake yi. Akwai /r da yake bin diskin lungu-lungu yana neman inda ya lalace, yana iya cin awanni, kuma a kan diskin da ya riga ya gaji wahalar tana iya ƙarasa shi, dalilin da ya sa muka fara kwashe kaya kenan. Don Allah ka tabbata akwai wuta tsayayya ko ka tayar da janareta, kar a sake ɗaukewa yana tsakiyar aiki mu koma gidan jiya.

In ya gama ta ƙi tashi har yanzu, koma ka rubuta bootrec /rebuildbcd, ta nemo Windows ɗin ka amsa mata da Y.

To ga ta nan ta tashi. Na saka manhajar CrystalDiskInfo in ji lafiyar diskin, da launi take nunawa, shuɗi lafiya kenan, rawaya gargaɗi, ja kuwa sai haƙuri. Ku duba, rawaya ta nuna, Caution. Yau ta yi aiki amma ni ba zan yarda ya ƙarasa furojet a kansa ba, gobe da safe zai je ya sayo SSD, wato diskin zamani da ba shi da faifai mai juyawa, mu canja.