Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne matalauci a lissafin gwamnati?

To jama'a, lokaci ya ja, bari mu buɗe jakar wasiƙu.

Wani bawan Allah daga Funtuwa yana tambaya, wace jiha ce talauci ya fi yi wa katutu? Sakkwato ce, a rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Nuwamban 2022: mutum 91 cikin 100. Ondo ce mai dama-dama, 27. Kai kuma da ka rubuto daga Fatakwal kana yi wa 'yan Arewa dariya, sassauta, maƙwabciyarku Bayelsa mai arzikin mai ita ce ta biyu bayan Sakkwato.

Sai wasiƙar wani dattijo manomi daga Jigawa, irinta kuma ta zo mana da yawa. Ya ce: "Ina da gona, ina da shanun huɗa, rumbuna ba ya rabuwa da gero. Da wane dalili za a sa ni cikin matalauta miliyan 133?"

Baba, ka kasa kunne. Lissafin iri biyu ne. Akwai na kuɗi, wanda aka yi a 2019: duk wanda abin da yake kashewa a shekara bai kai naira 137,430 ba, ya shiga. Na 2022 kuwa, wanda ya fitar da miliyan 133 ɗin nan, ba aljihu aka leƙa ba. Na sake faɗa, ba aljihu ba, gida aka shiga. Yaran suna makaranta? Asibiti tafiyar minti nawa ce? Ruwan rijiya ake sha ko na kududdufi? Akwai makewayi? Da itace ake girki? In rashin ya taru ya yi yawa, an ƙirga gidan, ko da rumbu cike yake. Yara ne abin ya fi kamawa: biyu cikin uku na yaran ƙasar nan suna ciki, rabin matalautan ma yara ne. Baba, ka yi haƙuri, ka lissafa mana shanu da gero, amma ba ka faɗa mana ko jikokinka mata suna zuwa aji ba.

Bari mu juya ga Malam da ke tare da mu a shirin. Malam, ga wata baiwar Allah daga Gombe: me ƙaramar hukumarsu za ta iya yi?

"To, ai sai mun koma baya. Ƙananan hukumomi 774 muke da su. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Kafin nan ma, tun zamanin En'e..."

Malam, a gafarce ni, mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu. Hajiya, za mu fara da tambayarki mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.